Ruwan da Ya Zo wa Yaya Harouna ta Ƙasa

Ni dai tun farko na ce kada a je bakin teku. Na ce a zauna a falon Yaya Harouna da ke titin Grand Concourse, a sha shayi, a kalli juna, kowa ya kama gabansa, yadda masu hankali suke yi. Amma wa zai saurare ni? Maganar aurena ake yi, don haka ni ce ta ƙarshe da za a tambaya.

Sunana Habsatou, 'yar Maradi ce ni, ina da tebur a Canal Street inda nake sayar da gyale da tabarau da jakunkunan mata. Na taɓa aure sau ɗaya a gida. Yayana Harouna ne ya kawo mijin, ni ma na amince da gudu, don mutumin bakinsa zuma ne. Ya ce yana da motocin haya a Kwatano, ashe ko keken da yake hawa na aro ne. Na sha ƙaryarsa har na ƙoshi, aka raba auren. Tun daga nan Yaya bai yafe wa kansa ba. Shi ya kawo ni New York, shi ya sama mini tebur kusa da shagonsa, kuma ya rantse muddin yana numfashi ba zai sake ba da ni ga maƙaryaci ba. Matsalar ita ce, a wurin Yaya duk namijin da ya buɗe baki maƙaryaci ne. Ya kori wani tela don ya ce masa ɗinki zai fito gobe. Ya kori wani mai sayar da turare don ya rina gemu.

Sai ga Ishawu. Direban tasi ne, ɗan zangon Nima a ƙasar Gana, yana yini a filin jirgi na JFK yana jiran fasinja. Matarsa ta rasu da daɗewa. Tabarau ya zo saya a teburina, ya sake dawowa ya sayi wani, ya sake dawowa, har na ce masa Malam, fuska nawa gare ka? Ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ba zan ɓoye muku ba, ina son mutumin nan. Ina son shirunsa, ina son yadda yake sauraron magana har ƙarshenta kafin ya amsa. Hausarsa ce kawai take sa ni riƙe ciki, don Hausar zango ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne. Ranar da ya fara zuwa gaida Aïchatou matar Yaya, ya dube ta ya ce, "Hajiya, Habsatou, ina son shi." Sai da na buga mata baya, don dariya ta sa ta ƙware da ruwa.

Yaya ya gindaya sharaɗi. Kafin manyan Ishawu su kawo goro, zai zauna da shi sau ɗaya tak, ya dube shi da idonsa. In ya kama shi da ƙarya, magana ta mutu. Ni kuwa ba zan yi aure ba da albarkar Yaya ba, shi ne a matsayin ubana, kuma kowa ya san haka, har shi. Ishawu ya roƙi a bar shi ya zaɓi wurin zaman. Ya ce akwai wani wurin shaƙatawa na gwamnatin jiha a ƙarshen Brooklyn, bakin ruwan da ake kira Jamaica Bay, can yake zuwa ya huta idan fasinja sun yi ƙaranci. Ya ce a duk garin nan babu inda yake iya magana da kyau sai can. Da na san irin maganar da zai yi, da na ɗaure masa baki da gyale.

Ranar Lahadi ce a farkon watan Yuni. Ishawu ya zo ya ɗauke mu da tasinsa da hantsi. Yaya ya sha farar shadda, babbar riga har ƙasa, da hula da sabon takalmi, sai ka ce ɗaurin auren ne za a je. Ya zauna a gaba yana kallon hanya har muka ratsa Brooklyn ɗungurungum. Ni da Aïchatou muna baya muna mintsinin juna.

Da muka fito daga mota sai na tsaya cak. Jama'a, ashe akwai sama a New York! Shekaru ina garin nan, sararin da na sani shi ne ɗan tsagin da ke tsakanin benaye a Canal Street. Nan kuwa ga shi a buɗe daga gefe zuwa gefe. Tuddai ne kore shar, ciyawa doguwa har ƙugu tana kwanciya tana tashi da iska, furanni rawaya da fari ko'ina, ƙananan tsuntsaye suna ta tsuwa a cikinta. Muka hau wata hanyar tsakuwa har ƙolin tudu. Daga can ga ruwa shimfiɗe yana walƙiya, ga ƙananan tsibirai na ciyawa a cikinsa, ga jirage suna tashi daga JFK ɗaya bayan ɗaya. Can nesa kuma ga benayen Manhattan sun koma 'yan mitsi-mitsi, waɗanda kullum suke danne mini kai. Na ji kamar in ruga da gudu. Aïchatou ta buɗe hannuwa iska tana kaɗa mayafinta, ta ce wallahi yau ko an ƙi auren ita dai ta ci riba.

Har Yaya ya saki fuska. Ya ja numfashi, ya dubi gabas da yamma, ya ce Masha Allah, tudu ya yi kyau, ƙasar nan da a gida ce da gero ya yi kai. Na ce a raina alhamdu lillahi, an fara da sa'a. Sai Ishawu ya gyara murya.

"Alhaji, wannan bola ne."

Yaya ya juyo a hankali. Ishawu kuwa baki ya buɗe, mutumin da kan yi yini bai haɗa jimla biyar ba. Ya ce da can wurin nan fadama ce ta ruwan gishiri, mutanen farko na ƙasar suna kamun kifi a cikinta tun kafin zuwan Turawa. Daga baya birni ya girma, aka rasa inda za a kai shara, sai aka riƙa jibge ta nan, motoci suna zuwa suna juyewa shekara da shekaru, har maƙwabta ba sa iya buɗe taga don wari. Sharar ce ta taru ta zama waɗannan tuddai. Da aka rufe wurin sai aka lulluɓe shi da roba mai kauri, aka zuba sabuwar ƙasa a kai, aka dasa itatuwa da ciyawa, tsuntsaye suka dawo da kansu. Ya ce ƙarƙashin sabon takalmin Alhaji akwai tsofaffin katifu da gwangwanaye da duk abin da New York ta ci ta zubar.

Yaya ya buga ƙafa a ƙasa. Ya duƙa ya ɗebo ƙasa ya sansana. Ya ce shi ya san juji, a bayan juji ya yi wasan ƙuruciya, kuma bai taɓa ganin jujin da yake ƙamshin fure ba. Ya waiwayo ya ɗaga wa Aïchatou yatsa ɗaya, wato ƙarya ta farko ke nan. Gabana ya faɗi. Bai kori Ishawu a lokacin ba, kuma na san dalili: ƙamshin kular abincin da Ishawu yake riƙe da ita ya riga ya kai masa hanci.

Muka gangara bakin ruwa. Yashi ne mai faɗi, a jiƙe, a daddaɓe sumul, ruwan yana can nesa ya kwanta luf. Fararen tsuntsaye masu dogayen ƙafafu irin balbela suna takawa cikin laka suna tsince-tsince. Wani shaho ya faɗo daga sama ya cafki kifi ya tashi da shi, Aïchatou ta tafa masa. Yaya ya karɓi tabarma daga hannuna ya yi gaba. Ya ce a bar masa zaɓen wuri, don shi ya san ruwa, ya yi shekaru a Gaya yana tsallaka kogin Kwara da kwalekwale yana fatauci. Ya wuce busasshen yashi, ya wuce duwatsu, ya yi ta tafiya har kan wani ɗan tudun yashi dab da bakin ruwan, ya shimfiɗa tabarma a nan.

Ishawu ya tsaya yana sosa ƙeya, idonsa a ƙasa saboda kunyar suruki. Da ƙyar ya ce, "Alhaji, nan ruwa zai zo."

Mu uku muka ɗaga kai sama a tare. To ina za mu duba? A wurinmu idan aka ce ruwa zai zo, magana ɗaya ce: hadari ya haɗo, a kwashe shanya. Ba mu da wani ruwan da yake zuwa. Gulbin Maradi sau ɗaya yake cika a shekara, shi ma sai an yi ruwan sama. Sama kuwa ranar tas take, ko gajimare na rantsuwa babu.

Shi kuma bawan Allah, da ya ga mun ɗaga kai, sai ya ɗauka mun riga mun san zancen. Fuskarsa ta washe ya ce, "Yawwa, Alhaji, wata ne yake kawo shi. Sau biyu kullum."

Yaya ya maimaita a hankali, wai wata, da rana tsaka, yana kawo ruwa sau biyu kullum. Ishawu ya buɗe baki zai ƙara bayani, Yaya ya ɗaga masa hannu ya ce ya isa, a zuba abinci. Ishawu ya haɗiye maganarsa, don ba a ja da wanda ake neman aure a hannunsa. Yatsu biyu suka tashi wajen Aïchatou. Gaskiya ni kaina a lokacin na fara tsorata. Na dubi sama, na dubi Ishawu, na ce a raina Habsatou, kada dai kin sake kwaso wani mai motocin Kwatano.

Abincin dai ba a magana. Shinkafa da wake ce irin tasu ta Gana, ja-ja da ita, da soyayyen kifi da wani baƙin yaji mai suna shito, kuma da hannunsa ya dafa. Yaya ya share faranti, ya miƙa aka ƙara, gumi yana tsiyaya daga ƙarƙashin hula. Na fara sa ran yajin zai goge yatsun nan biyu.

Sai Aïchatou ta yi tsalle ta maƙale a wuyana. Wata halitta ce a bayanta, kwance rigingine a kan yashi, ƙafafu birjik suna motsi, ƙoƙon jikinta kamar hular kwano, da doguwar jela mai tsini. Na ce a'uzu billahi, wannan kuma daga wace duniya? Ishawu ya tashi ya kama ta ta gefen ƙoƙon a hankali, ya kife ta daidai, ya kai ta bakin ruwa ya ajiye. Ta ja jiki ta shige abinta.

Da Yaya bai tambaya ba da an zauna lafiya, amma ya tambaya. Ishawu ya ce ƙaguwa ake ce mata, sai dai a gaskiya ta fi kusa da dangin kunama da gizo-gizo, kuma ba ta cizo ba ta harbi. Ya ce a irin wannan lokaci suke fitowa daga teku su binne ƙwai a yashi, tsuntsaye kuma su zo daga ƙasashe masu nisa su ci ƙwan su ƙara gaba. Ya ce irinta suna duniya tun kafin manyan dabbobin nan da ake ajiye ƙasusuwansu a gidan tarihi. Ina ta yi masa ido ya tsaya nan, bai gani ba. Ya ce idanunta goma. Ya ce jininta shuɗi ne kamar ruwan shuni.

Yaya ya wanke hannu, ya goge baki, ya yi hamdala. Sannan ya yi magana cikin sanyin murya, wadda na fi tsoro a kan faɗansa.

"Malam Ishawu, abincinka ya yi daɗi, Allah ya saka. Amma tudu ka ce mini juji ne. Sama tas ka ce ruwa. Yanzu kuma dabba mai jinin shuni. Na taɓa ba da yarinyar nan ga mai irin bakinka, ba zan maimaita ba. Ka tafi, za mu nemi hanyar gida."

"Alhaji, wallahi ina son shi."

"Ita. Mace ce."

Daga haka ya miƙe a kan tabarma, ya cire takalmi ya ajiye a gefe, ya kife hula a fuska, ya ce zai ɗan rintsa, kada wanda ya tashe shi. Ishawu ya dube ni sau ɗaya, ya juya ya nufi duwatsu. Yarinyar nan da ake magana, wato ni, mai shekara arba'in da ɗoriya, na fashe da kuka kamar an ƙwace mini alewa. Haushin Yaya nake ji, haushin Ishawu nake ji, har ƙaguwar ma haushinta nake ji.

Aïchatou ta ja ni muka hau sama. Matar nan ba ta iya ganin kuka ta ƙyale shi ba. Muna tafe ina sharar hanci, sai ta hango wata rumfa inda ake ba da aron kekuna kyauta. Ta ce oho, kuka a tsaye ɓata lokaci ne, zo ki yi shi a kan keke. Na ce Tanti, kin haukace? Rabona da keke tun ina 'yar firamare, ita kuwa daga baya ta faɗa mini sau biyu ta taɓa hawa a rayuwarta, duka biyun ta faɗi. Aka ɗora mana hulunan kwano a kan gyale. Ta dube ni, na dube ta, ta ce ga ƙaguwa biyu masu jinin shuni. Dariya ta kuɓuce mini hawaye bai bushe ba.

Muka tattare riguna muka hau. Wayyo, jama'a! Keke yana zuwa hagu ina son dama, tsofaffin Turawa masu tattaki suna darewa suna ba mu hanya. Muka tura kekunan har ƙolin tudu, muka sako su. Iska ta cika mini baki, ciyawa tana wucewa fuu, ina ihu ban san ko na kuka ne ko na daɗi ba. Aïchatou ta wuce ni kamar an harba ta, tana tambayata da ƙarfi ina birki yake. Kafin in amsa ta shige cikin ciyawa, ƙafafu a sama. Na same ta kwance tana dariya har ba ta iya numfashi, furanni a maƙale a mayafinta. Ta ce a sake. Muka sake, muka kuma sakewa, har na manta yawan hawan da muka yi, rana ta fara karkata.

A wani hawan ne na tsaya a ƙoli ina haki, na ce bari in leƙa ƙasa in harari Yaya ko daga nesa ne, in ji sanyi. Na duba inda muka bar shi, ban ga yashi ba. Na murza ido. Duk faɗin yashin nan da muka taka ya tafi, tsuntsaye sun tashi, ruwa ne ko'ina har gindin duwatsu. A tsakiyarsa ga wani ɗan tsibiri da bai fi faɗin ɗaki ba, a kansa ga farar shadda a miƙe. Kusa da shi kuma ga mutum a duƙe cikin ruwa, wando a naɗe, yana ta kwasar yashi da wani abu mai ƙyalli yana jibgawa kewaye da tabarma.

Aïchatou ta dubi sama. Ta dubi ƙasa. Ta sake duban sama. Sai ta zauna daɓas a kan hanya ta ce, "Habsatou, ruwa ya zo. Ta ƙasa ya biyo."

Muka yar da kekuna muka ruga. Kafin mu isa, masu kamun kifi da 'yan yawo sun taru a kan duwatsu suna kallo. Ishawu ne, bai tafi ko'ina ba. Murfin kular abinci ne a hannunsa, da shi yake gina katangar yashi don kada ruwa ya taɓa Yaya. Sabon takalmin Yaya yana cuse a cikin rigarsa, kular tana rataye a kafaɗa. Ya gina nan, ruwa ya cinye can, ya ruga can, nan ya rushe. Da ya hango mu sai ya ɗora yatsa a baki, wai mu yi shiru Alhaji yana barci. Daga baya ya faɗa mini ya yi sallama ya ce Alhaji, ruwan ya zo, Yaya ya ɗaga hula ya kalli sama, ya ce ba ka tafi ba, ya mayar da hularsa. A nan ne Ishawu ya gane ruwan sama muke ta nema tun ɗazu, alhali shi cikar teku yake nufi, amma an riga an hana shi magana.

Ruwan kuma bai zo shi kaɗai ba. Ƙaguwoyin nan ne suka biyo shi, bibbiyu, uku-uku, suna turereniya a bakin yashi. Wata ƙatuwa ta samu inda katanga ta rushe, ta hau tabarma a natse, ta je ta dungure tafin ƙafar Yaya.

Ban taɓa sanin Yaya yana iya tsalle haka ba. Daga kwance sai ganinsa muka yi a tsaye, hula ta yi nata wuri, ruwa ya tafi da ita. Ya juya gabas ruwa, yamma ruwa, ƙasa dodanni. Ya fara salati, ya haɗa da kiran Inna, mahaifiyarmu da ta daɗe da rasuwa. Na ce Tanti, ba shi ne ya san kogin Kwara ba? Ta ce ya sani mana, a tsakiyar kwalekwale yake zama ido a rufe har a tsallaka. Ruwan da ke tsakaninsa da tudu iyakarsa gwiwa, amma ko da bulala Yaya ba zai sa ƙafa cikin waɗannan halittu ba.

Ishawu ya juya masa baya ya durƙusa. "Alhaji, hau."

Ya hau kuwa. Alhaji Harouna mai shago a Canal Street, wanda yara suke ɓuya in sun ji tarinsa, ga shi a goye, babbar riga tana jan ruwa, ya ƙanƙame wuyan mutumin da ya kora. Mutanen kan duwatsu suka ɗau tafi da sowa. Ina dariya har cikina yana ciwo, amma a ƙasan dariyar tsoro ne fal. Na san yayana. Zai iya yafe wa wanda ya zage shi, amma wanda ya ga kunyarsa a bainar jama'a, da wuya ya sake yarda su haɗa ido.

Ishawu ya sauke shi a kan busasshen dutse, ya zaro takalmin daga riga ya ajiye masa a gaba. Ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba. Yaya yana matse gefen riga, bai dubi kowa ba. Da an bar shi haka wataƙila da ya huce, amma bakin Aïchatou ba ya da murfi. Ta ce, "Ai dai an gaya maka, Alhaji."

Na ga wuyan Yaya ya ƙage. Kafin ya buɗe baki Ishawu ya riga shi.

"A'a, Hajiya, ban gaya mishi ba. Ni... ni ruwan sama na ce zai zo. Na yi kuskure, ga shi bai zo ba. Wannan na ƙasa, ni ma yau na fara ganin shi."

Kai, in kun ga yadda ya yi maganar nan! Murya tana rawa, ido yana ƙiftawa kamar yaji ya shiga, gumi yana keto masa duk da iskar da ake yi. Ga murfin kula har yanzu a hannunsa, ya lanƙwashe saboda haƙa, ga yatsunsa sun farfashe. Mutumin da ya yini yana zuba zancen juji da wata da jinin shuni ko gezau, yanzu jimla uku sun gagare shi.

Yaya ya ɗago ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Ya dubi murfin, ya dubi takalmin.

"Ƙarya kake."

Na ce shi ke nan, an kama shi da bakinsa, a gaban shaidu.

"Ƙarya kake," Yaya ya sake cewa, "kuma tunda nake ban taɓa jin ƙarya mai muni irin wannan ba. Wancan mijin nata na farko, in ya shirya maka ita har godiya kake yi masa. Kai ko riƙe ta ba ka iya ba." Ya juya ya kalli tudun da muka sauko. "Da gaske juji ne?"

"Bola ne, Alhaji."

"Jinin fa?"

"Shuɗi."

Yaya ya girgiza kai. Idanunsa sun yi ja, ya ce gishirin ruwan nan ne, alhali ruwan bai wuce masa gefen riga ba. Sannan ya yi abin da bai yi ba a auren farko, bai kuma yi ba a duk shekarun da yake korar mutane. Ya juyo ya tambaye ni ko ina son mutumin nan. Na so in yi kunya irin ta mutanen kirki, in sunkuyar da kai in yi shiru, amma hular kwano tana kaina, kunya ba ta zauna ba. Na ce ina son sa, Yaya, sosai ma.

Ya sa takalminsa, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba. Ya miƙe ya dafa kafaɗar Ishawu.

"Ka turo manyanka da goro. Na ba ka shi."

Aïchatou ta ce, "Ita dai, Alhaji."

"Na ce shi."

Tunda aka haife ni ba a taɓa mayar da ni namiji na ji daɗi irin na ranar ba. Na rufe fuska da gyale ina kuka, Aïchatou tana rangaɗa guɗa, Turawan kan duwatsu suka sake tafawa ba su san me ake ciki ba. Sai da muka kai bakin mota muka tuna mun bar kekunan mutane a kwance cikin ciyawa.